Ogan Kansa

Shekara biyu mijina yana kai wa mutane abinci a babur, waya na aikensa, yana cika baki wai shi ne ogan kansa. Ranar Talata ya faɗi, aka naɗe masa ƙafa. Mai odar abincin ta ba shi makin tauraro biyu cikin biyar a waya saboda miya ta zube.

Washegari na tarar yana cusa kumburarriyar ƙafar cikin takalmi.

Na ce, "Maigida, ka roƙi oganka hutu mana."

Ya ce, "Na roƙa, ya hana. Wai taurarina za su ragu."

Na miƙa masa hular kwano, na ce, "Azzalumin banza. Kuma ni nake dafa masa abinci."