Kwat ɗin Shawish Haladu

"Ba ni kwat ɗin kawai in kai wa mai wanki," in ji Abdulwahid. "Ka tashi ka tarar da shi fes."

Ina tsugune a bakin ƙofa ina taya maƙwabciyata Mastura dama wa mijinta kunu. Mijin, Haladu, ya ɗago kai daga matashi da ƙyar.

"Wasan fa?"

"Wane wasa babu kai? Halas, magana ta ƙare, mun ɗage sai ka warke."

Su biyun ne suka ƙago wasan, tun suna samari masu dako a tashar jiragen ruwa. Labarin wani mai gahawa ne da aka tsinci gawarsa a shago, Shawish ɗan sanda ya zo ya tsare duk wanda ke ciki har ya gano mai laifin. Bayan kowace Babbar Sallah ake yin sa a tsakar gidan Abdulwahid, katanga ɗaya da ɗakin Haladu, mu mata muna leƙe daga saman rufi. Duk unguwarmu ta Karantina a nan Jidda an san wanda ya yi kisan a wasan, amma ko yaro ba ya faɗa wa baƙon alhaji. Baƙin muke zuba wa ido, mu ga yadda za su riƙe baki. Haladu ne Shawish sama da shekara ashirin, har a kasuwa da sunan ake kiransa.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka ji ana jan benci a bayan katanga.

"Biki ake yi?" Haladu ya tambaya.

"Ƙila walima ce," in ji Mastura, ba ta dube shi ba.

Sai faranti ya faɗi, wani ya ƙwala ihu. Da haka wasan ke farawa. Can muryar saurayi ta tashi da Larabci, tana cewa kada kowa ya fita. Maganar Shawish ce ta farko. Na ga leɓen Haladu na motsi, yana bin ta da Hausa.

"Dela, hau ki gano mini."

Na hau. Gidan ya cika har kan katanga. Hamad ne a tsakiya, ɗan Abdulwahid, haifaffen Jidda wanda Hausa ke yi wa nauyi a baki. Kwat ɗin na jikinsa, an naɗe hannun. Ubansa na gefe yana ta murmushi.

Da na sauko Haladu ya ce, "Hamad ne ko?"

"Shi ne."

Tafi na ta shigowa ta taga.

"Da Abdulwahid ya tambaye ni, Dela, da hannuna zan sa wa yaron. In nuna masa inda ake yin shiru kafin a kama mutum. Ji yadda yake sauri."

Washegari Abdulwahid ya zo da lemo a kwando.

"Ya shekh, mutane sun taso tun daga unguwar Bani Malik, har da na Makka. In kore su? Kuma yaran yanzu Larabci suke ji."

Haladu ya juya wa bango fuska.

"Ya yi barci, Alhaji," in ji Mastura. Idonsa kuwa a buɗe yake.

Abdulwahid ya sake dawowa sau da dama, bai samu ko amsar sallama ba. Kafin alhazai su gama watsewa Haladu ya cika, da hantsi, Mastura na ba shi ruwa a cokali. Abdulwahid ne ya kama gaban makara, yana kuka kamar yaro. Babu wanda ya hana shi.

Muna zaman makoki muka ji guduma a bayan katanga. Wata ta ce kafinta ne, wai jama'a sun nemi a maimaita wasan, wurin zama bai isa ba.

Mastura ta tashi ta ja murfin taga. Ta dawo ta ɗora tire a cinya, ta ci gaba da tsince tsakuwa daga shinkafar sadaka.