Kafaɗar Datti

A rukunin sojojin da ke ɗaukar gawa a Abuja ba a tambayar jarumtar mutum, tsayinsa ake dubawa. Mutum shida ke ɗaukar akwati, biyu-biyu, kuma dole kowaɗanne biyu kafaɗunsu su zo daidai, in ba haka ba akwatin ya karkace a gaban manyan baƙi. Kofur Simon dogo ne na fitar hankali. Ya daɗe yana share filin fareti don an rasa wanda za a haɗa shi da shi, har aka dawo da Kofur Datti daga fagen daga a arewa maso gabas. Aka jera su, aka ɗora sanda a kan kafaɗunsu, ba ta karkata ba. Aka ba su riƙon bayan akwati, tun daga ranar ake kiransu dogayen baya.

Aiki ne da kowa ke so, ko da yake ba mai faɗa da baki, domin mai ɗaukar gawa a gidansa yake kwana. Simon ya kama ɗaki a Lugbe, matarsa Christina na da tsohon ciki. A shekarun nan Abuja sai kumbura take yi, an faɗaɗa hanyar filin jirgi, ko'ina ka duba bene ne ke tashi. Ita ma maƙabartar sojoji da ke gefen hanyar tana ta faɗaɗa, sai dai ita ba a yanka mata ƙyallen bikin buɗewa. Kuma kowa a rukunin ya san wanda ya ba su kunya a bainar jama'a, motar arewa maso gabas na jiransa.

A wajen atisaye Datti ba shi da makusa. Akwatin gwaji cike yake da buhunan yashi, yana ɗaukarsa kamar tabarma. Amma ranar jana'iza ta gaske, da zarar an ɗaga, sai kafaɗarsa ta sauka kaɗan, daidai yadda katakon ba zai taɓa shi ba. Mai kallo daga rumfa ba zai gani ba. Simon ne ke gani da ƙashin wuyansa, don duk nauyin baya a kansa yake komawa. Hannun Datti da ke dafe da kafaɗar Simon ta ƙarƙashin akwatin kuwa rawa yake yi tun daga mota har bakin kabari.

Simon ya yi haƙuri har ya gaji. Wata rana da azahar ya tare shi a gindin mangwaro bayan ɗakin ajiye kaya, ya buɗe rigarsa ya nuna masa inda fata ta ɗaye.

"Duba aikinka, mutumina. Ni kaɗai ne jaki a wannan bariki? Kana cin tuwo kamar kowa, me ya sa ba ka ɗauka?"

Datti ya daɗe yana kallon ciwon. Ba mai yawan magana ba ne, in zai yi kuma ƙasa yake kallo.

"Na yashi ba ya damuna," in ji shi. "Simon, ka taɓa lura wasu mamatan ba su da nauyi? Ƙato guda, magidanci, amma ka ji kamar kwali ka ɗauko. Na san dalili. Ni na tattara irinsu gunduwa-gunduwa a cikin bargo a fagen daga. In katakon ya taɓa ni, sai in ji jikina yana auna abin da ya rage a ciki."

Maganar ta taɓa Simon, amma haushi ya fi ƙarfi. "To ka je wajen likita mana."

"In ce masa me? Washegari a ce na taɓu."

"Wallahi za ka kashe mu duka, Datti."

Ba a daɗe ba aka kawo gawar wani manjo, mutum mai jiki, kuma shi akwatinsa a cike yake. Rana ta take, rumfuna sun cika da manya. Suna tsakiyar tafiya a hankali, kafaɗar Datti ta sauka fiye da kullum. Akwatin ya karkata. Hular mamacin da ke kan tuta ta fara zamewa, tana tafiya sannu-sannu har ta kai baki, ta tsaya rabinta a iska. Simon ya danne haƙoransa ya ja nauyin da wuyansa. Hular ba ta faɗi ba. Amma matar mamacin ta gani, ta dafe ƙirji, shi ma Kyaftin Nazeer, shugaban rukunin, ya gani.

Bayan an watse kyaftin bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ban tsoro. Ya wuce ta gabansu yana goge tabarau. "Dogayen baya," kawai ya ce, ya shiga motarsa.

Simon ya tsorata ƙwarai. Ya tuna Christina da ƙafafunta da suka kumbura, ya tuna ba ta da kowa a garin nan sai shi. Ya ce a ransa ba zai biya laifin da ba nasa ba. Da safe ya goge takalmi ya tafi ofis, ya ƙame, ya zayyana komai: kafaɗar, rawar hannun, har da zancen bargo, wanda shi kansa ya san ba don a kai ofis aka faɗa masa ba.

Kyaftin Nazeer ya saurara har ƙarshe. Mutum ne mai tsabta da ladabi, irin waɗanda ba sa ɗaga murya don ba su taɓa buƙata ba.

"Ka kyauta, kofur. I will handle it." Sai ya ɗaga kai ya bi Simon da kallo tun daga takalmi har hula, a hankali, kamar tela. "Kai dogo ne fa sosai."

"Haka ne, oga."

"Shi ke nan. Je ka."

Ya fita da sauƙi a zuciya. A hanyar gida har ya tsaya ya saya wa Christina kankana. Kwanakin da suka biyo baya ya ga samanja yana zagaya bariki da sandar nan, yana tsayar da dogaye yana ɗora musu, yana girgiza kai. Simon ya ɗauka magajin Datti ake nema, kuma gaskiyarsa, shi ake nema.

Ranar Litinin a fareti samanja ya fara kiran waɗanda za su bi motar arewa maso gabas. Ya kira Datti. Datti ya fito ba tare da ya kalli kowa ba. Simon ya sunkuyar da ido, kunya ta kama shi, amma numfashinsa ya sauka. Sai ya ji an kira sunansa.

Bai san lokacin da ya isa gaban kyaftin ba. "Oga, ni ne na kawo report! Ni ban yi komai ba, oga. Matata tana gab da haihuwa."

"Na sani, kuma I'm sorry," in ji Kyaftin Nazeer. "An auna duk barikin nan, babu mai tsayinka. Da wa zan haɗa ka? Ba zan ajiye soja yana shara ba alhali can ana neman mutane."

Ranar tafiya Christina ta zo bakin ƙofar bariki, aka hana ta shiga, ta tsaya riƙe da ƙarfen ƙofa. Simon ya hau bayan motar. Babu sauran wuri sai kusa da Datti, Datti kuwa ya matsa masa, ya ɗauke jakarsa ya ɗora a cinya. Bai ce masa komai game da ofis ba. Kafaɗunsu suka haɗu, daidai wa daida.

Motar ta bi ta gefen filin fareti. Sababbin 'yan baya guda biyu, gajeru masu kauri, suna koyon tafiya da akwatin yashi, samanja na daka musu tsawa. Datti ya zuba musu ido har aka kusa wucewa.

"Na dama yana sakin kafaɗa," ya ce a hankali. "Allah ya sa su gyara kafin a dawo da mu."