Ranar da Jarrah Ya Tsallake Shinge

Noelene Prout tana durƙushe a bayan a-kori-kurarta tana duba tafin ƙafafun Jarrah ɗaya bayan ɗaya, sai lasifika ta kira sunanta cikin waɗanda za su shiga fili bayan hutun shayi. Karen ya zare ƙafarsa ya lashi hannunta. Tun da suka iso filin baje kolin Warrabin da sassafe hancinsa ke wajen garken tumaki, jikinsa na ɓari kamar motar da aka tayar ba a sa mata giya ba.

"Direba!" wata murya ta kira daga rumfar masu gasa nama. Gus Tregenza ne, mai tumaki dubu huɗu a arewacin gari, wanda ya ci kofin gasar karnukan kiwon nan sau shida. "Yau ma kin kawo mana fasinjan naki? Ki tuna fa, tumaki ba sa tsayawa a tasha."

Mutanen da ke tare da shi suka yi dariya. Noelene ba ta ko ɗaga kai ba.

"Sun dai fi wasu fasinjojin tarbiyya, Gus. Ko ba komai ba sa magana da burodi cike da baki."

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana tuƙa bas a Adelaide, shi ya sa sunan ya bi ta. Tun tana 'yar shekara bakwai take roƙon a samo mata kare, mahaifinta ya ce ba a kiwon kare a gidan haya. Da ta yi aure kuma sai ta tarar mijinta Len ko gilmawa kare ya yi ta gabansa sai atishawa da kumburin ido. Don haka duk Lahadi takan je gidan da ake ajiye karnukan da aka yasar, ta fita yawo da uku ko huɗu, ta mayar da su, ta wanke hannu da sabulu sau biyu kafin ta shiga gida. Bayan rasuwar Len da shekara guda ta ajiye aiki, ta sayar da gidan birni, ta sayi 'yar gona a bayan Warrabin da tumaki goma sha huɗu da jan kwikwiyo guda irin na kiwo. Tana da shekara hamsin da takwas ta mallaki karenta na fari.

Clarrie Voigt, maƙwabcinta ɗan shekara tamanin da ɗaya, shi ya koya mata aikin. Yanzu ga shi nan ya taho yana dogara sanda, hularsa duk ƙura.

"Yarinya, na leƙa tumakin," ya ce. "Na jeji ne, ba su saba da mutane ba. Kada ki bari ya matse su. Kuma ki rage hura usur ɗin nan, ba kasuwa kika zo ba."

"Na ji, tsoho."

"Kin ji kullum. Bara ma kin ji."

Bara lokaci ne ya ƙare musu a bakin kejin da ake shigar da tumaki a ƙarshen gasa. Bara waccan kuwa Jarrah ya tarwatsa tumakin tun a minti na biyu, Noelene ta fito daga fili kunnuwanta na zafi. Tun daga nan ba ta yi fashin safiya ɗaya ba, ko da sanyi ko da ruwa, sai ta fitar da shi kan tumakinta har suka gane shi, suka koma bin sa kamar ɗan'uwansu, dole ta riƙa aron na Clarrie.

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata ta tsaya a jikin turken da doka ta ce mai kare ya tsaya, Jarrah a gefen ƙafarta ta hagu. Can ƙarshen fili aka saki tumaki uku. Minti goma sha biyar gare su, da maki ɗari a hannu, duk kuskure alƙali ya rage. Ƙararrawa ta buga.

"Zagaya," ta ce a hankali.

Jarrah ya tafi ta dama, ya yi faɗi sosai yana bin jikin shinge, ya ɓullo ta bayan tumakin ba tare da sun razana ba. Ya kwanta. Ya tashi. Ya tako da su miƙe har gabanta. Suka bi ta lungun katako, tunkiya ɗaya ta so ta zille, ya tare ta da ido kawai ta koma cikin 'yan'uwanta. A gada suka ɗan yi gardama, ta gaba ta buga ƙafa a ƙasa tana kallonsa, shi kuwa ya matso taku ɗaya, ya jira, ya ƙara ɗaya, har ta haƙura ta hau. Noelene ta saci kallon agogo: saura minti huɗu, kuma keji kaɗai ya rage. Ba ta taɓa zuwa nan da lokaci a hannu haka ba.

Tumakin suna bakin keji, ta gaba har ta sa kai, sai aka ji ƙarar ƙarfe daga bayan fili. Motar da ta kawo tumakin gasar ce ta ja da baya ta ture shingen da aka killace sauran tumakin. Tumaki wajen ɗari uku suka kwararo waje, suka bi ta ƙofar baya da ke buɗe, suka miƙe kan turbar ƙasa da ke tsakanin shinge biyu. Turbar nan babbar hanya ta nufa, kuma ba ta da nisa.

Aka yi ta ihu. Mutane suka ruga wajen motocinsu, amma duk sauran karnukan suna ɗaure a ƙarƙashin itatuwan turare can ɗaya gefen filin. Kare ɗaya ne a kwance ba sarƙa, shi ne Jarrah.

Noelene ta dubi babbar hanya. Can nesa daga kudu ga tirela mai jan wagunu biyu tana tahowa, a bayanta motocin iyalai masu zuwa baje koli. Sauran mutane tumakin suke gani. Ita kuwa nisan da mota mai nauyi irin wannan ke ci kafin ta tsaya take gani, don ta sha taka birki da mutum sittin a bayanta. Ta kuma san abin da ke samun kare a bakin kwalta. Shekara biyar tana hana shi ko kusantar hanyar nan.

Ta saki turken, ta sa usur a baki, ta hura mai tsawo.

Jarrah ya ɗago. Ya dubi tumakinsa uku, ya dube ta. Ba a taɓa ce masa ya bar tumaki a bakin keji ba.

"Bar su!" ta daka masa tsawa, ta miƙa hannu wajen turba. "Can! Zagaya, Jarrah, zagaya!"

Ya juya. Ya tsallake shingen fili ba tare da ya taɓa shi ba, ya kutsa ta ƙarƙashin waya mai ƙaya, ya faɗa gonar alkamar da aka girbe, ya miƙe yana gudu daura da garken, cikinsa kamar zai shafi ƙasa. Noelene ta bi turbar da gudun da ta manta tana da shi, ƙura na shiga mata baki. Ta ga jan ɗigo ya wuce tsakiyar garken, ya wuce na gaba, ya sake kutsowa ta waya ya faɗo cikin turba. Tsakaninsa da kwalta bai fi tsawon bas guda ba.

Ya juyo ya fuskance su, ya sunkuyar da kai.

Na gaba suka ja birki, na baya suka ci gaba da turowa. Garken ya riƙa matsowa kamar ruwa a bayan madatsa, Jarrah yana ja da baya taku-taku. Tirelar ta saki hon mai tsawo. Noelene ta tsaya, numfashinta na sarƙewa, ta hura usur ɗin da ke nufin ya tsaya daram, ta sake hurawa. Karen da bai taɓa yin haushi a kan aiki ba ya buɗe baki. Ya yi dama ya tare, ya yi hagu ya tare, wani ƙaton rago ya yi yunƙurin ratsawa ta gefen shinge, ya bangaje shi da ƙirji ya mayar da shi. Tirelar ta wuce ta bayansa tana huci da warin taya, iskarta ta kwantar masa da gashi, bai waiwaya ba.

Sai tunkiyar gaba ta juya. Wata ta bi ta. Kafin Gus Tregenza ya iso a kan babur mai ƙafa huɗu da karnukansa biyu, garken ya riga ya fara komawa, Jarrah yana biye da su yana ɗingishi.

Noelene ta durƙusa a tsakiyar turba ta kira shi. Bai zo ba sai da ya ga tunkiyar ƙarshe ta shiga ƙofa. Sannan ya taho ya jingina da gwiwarta, harshe a waje, ta ji bugun zuciyarsa har cikin ƙashinta. Waya ta yanke shi a kafaɗa, tafin ƙafarsa na gaba ya tsage. Ta ɗauke shi a hannu, duk nauyinsa, ta ƙi bari kowa ya karɓa. Da suka shigo fili mutane suka miƙe tsaye suna tafi, har matan rumfar shayi suka fito da tsummokan goge kofi a hannu.

Alƙalin gasar ya same ta a bayan a-kori-kura, likitan dabbobi na ɗinke kafaɗar Jarrah. Ya cire hula yana murza bakinta.

"Kin san doka, Noelene. Kare ya fita daga fili, kin bar turke. Dole na rubuta sifili. Da tumakin nan sun ƙarasa shiga, da casa'in da ɗaya gare ki." Ya yi gyaran murya. "Amma kwamiti ya ce in kina so, a ba ki wasu tumakin da yamma ki sake."

Ta dubi ƙafar da aka naɗe da bandeji. Jarrah ya ji an ambaci tumaki har ya fara ƙoƙarin tashi.

"Kwanta, sarkin zumuɗi," ta ce masa. Sannan ta dubi alƙali. "A gode mini wa kwamiti. Ya gama aikinsa na yau. Rubuta sifilinka."

Clarrie yana zaune a kan akwatin ruwan sanyi. Ya fyace hanci da ƙarfi a hankici.

"Ƙura ce," ya ce, ko da yake ba wanda ya tambaye shi. "Casa'in da ɗaya. Ni sai da na shekara goma sha biyu ina shiga gasa kafin na ga casa'in."

Da la'asar aka ba Gus kofinsa na bakwai da maki tamanin da takwas. Noelene tana naɗe shimfiɗar Jarrah sai ga shi ya taho, babu kofin a hannunsa, sai igiya, a ƙarshenta wata baƙar karya matashiya tana ɓuya a bayan ƙafafunsa. Ya tsaya yana sosa ƙeya, yana kallon tayar motar kamar ita ya zo dubawa.

"Tumakin nan, rabinsu nawa ne," ya ce. "Aronsu na bayar."

"Na sani."

"To." Ya ja igiyar kaɗan. "Wannan sunanta Wren. Jininta mai kyau ne, amma ta ƙi ni. Da na ɗaga murya sai ta shige ƙarƙashin mota. Na ce ko za ki duba mini ita. Mako biyu, uku, yadda kika gani."

Noelene ta tsuguna, ta miƙa bayan hannunta, ba ta dubi karyar ido cikin ido ba. Wren ta yi jim, ta miƙo wuya ta shinshina, sannan ta fito gaba ɗaya daga bayan Gus ta zauna a kan takalmin Noelene.

"Ba abin da ke damunta," Noelene ta ce. "Asabar, ƙarfe bakwai na safe, a gonata."

"Sai in sauke ta in wuce?"

"A'a. Ita za ta zauna a inuwa ta yi kallo. Kai za ka tsaya a turke."

Gus ya buɗe baki, ya dubi Clarrie, Clarrie ya mayar da kai yana nazarin sandarsa. Ya dubi Jarrah da ke kwance da bandeji. Ya gyara zaman hularsa.

"Bakwai daidai," ya ce, "ko bakwai da 'yan mintuna?"