Jajayen Layukan Malam Shiru

A wani ofis da ke hawa na biyu, saman shagon mai gyaran firji, mutum bakwai ne suke rubuta manhajar da ke tsara wa makarantu jadawalin darussa. Babbansu a shekaru shi ne wanda ake kira Malam Shiru. Shekara goma sha ɗaya yana zaune a teburin bakin taga, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa jin ya aibata kowa ba. In an ɓata aiki, sai ya gyara zaman tabarau, ya ce, "To, madalla," ya gyara ɓarnar. Har misali Manaja yake yi da shi ga sababbin ma'aikata. Wannan suna shi ne abin tinƙahonsa a duniya, domin ba shi da mota.

Abin da ba a sani ba shi ne Malam Shiru yana magana, sai dai ba da baki ba.

Duk aikin ofishin a wuri ɗaya yake zaune, wanda suke kira ma'ajiya. Kowa yana da kwafinta a kwamfutarsa. In ya yi gyara sai ya tura, sauran su gani, kuma ana riƙe da tarihin kowane layi: wa ya rubuta, yaushe, don me. Kayan aikin da ke riƙe wannan tarihi tsoho ne, suna ce masa Akawu saboda halinsa: takardar da ba ka miƙa masa hannu da hannu ba, bai san da zamanta ba, ko da a kan hancinsa take. Da wannan hali Malam Shiru ya dogara. A cikin jakar aikinsa ta kwamfuta ya ajiye wani fayil mai suna "kada-kowa-ya-karanta", inda yake sauke duk abin da ya haɗiye a yini. Bai taɓa miƙa wa Akawu shi ba, Akawu kuma bai taɓa tambaya ba. Sun yi zaman mutunci.

Ranar wata Talata haƙori ya tasa shi gaba, ya tafi asibiti ya bar kwamfutarsa a buɗe. Wata makaranta ta bugo waya cewa jadawali ya tura malamin lissafi aji biyu a lokaci guda. Rabin gyaran yana kan kwamfutar Malam Shiru, don haka ƙanwar matarsa, wadda kowa ke kira Injiniya, ta zauna a kujerarsa ta ƙarasa. Ita kuwa ta daɗe da barin Akawu. Wani sabon kayan aiki take amfani da shi, wanda ke iya zama tare da Akawu a ma'ajiya ɗaya ba faɗa, kowa yana karanta rubutun ɗan'uwansa. Bambancinsu ɗaya ne: sabon ba ya jiran a miƙa masa komai. Duk abin da ya tarar a jaka, rajista yake yi masa. Shi ya sa ake ce masa Kwashe-Duka. Ta ɗora shi a kwamfutar Malam Shiru, ta gyara, ta tura, ta koma teburinta.

Washegari Malam Shiru ya iso da kumatu a kumbure, ya duba tarihin jiya kamar yadda ya saba, ya ga fayil biyu sun shiga ma'ajiya. Ɗaya gyaran malamin lissafi ne. Da ya karanta sunan na biyun, sai ya ji haƙorin ya daina ciwo.

Ya leƙa ofis ta saman tabarau. Kowa yana harkarsa. Da alama ba wanda ya lura, domin mutanen ofishin ba sa karanta abin da ba a tilasta musu ba. Da ya bar abin haka, da mai yiwuwa fayil ɗin ya shekara goma a wurin ba a taɓa shi ba. Amma mai laifi ba ya iya barin abu haka.

Ya fara tunanin kankare abin daga tarihi gaba ɗaya. Ma'ajiya ta ƙi. Akwai doka cewa abin da ya shiga babban reshe, wato kwafin da kowa ke ɗauka daga gare shi, ba a kankare shi, kuma shi ne ya kafa dokar da hannunsa, shekara shida da suka wuce, har da jawabi. Sai ya koma ga gogewa ta yau da kullum. Akawu ya nemi dalili, domin akwai doka ta biyu cewa kowane canji sai da dalili a rubuce. Ita ma tasa ce. Ya rubuta, "Share-share." Ya tura.

Sai da ya ji kwamfutar Injiniya ta yi ƙara ya tuna da doka ta uku: ba a goge komai sai mutum na biyu ya karanta kowane layin da za a goge ya sa hannu. Layukan kuwa da ja suke fitowa, don kada ido ya tsallake ko ɗaya.

"Yaya," in ji Injiniya daga can ƙarshen ɗaki, "wace irin shara ce wannan mai layi ɗari huɗu da goma sha biyu?"

Ya taso ya zo kanta, ya rage murya. "Tarkace ne. Sa hannu kawai, ƙanwata."

"Yau ni ce ƙanwarka? Ba kai ka ce duk wanda ya sa hannu bai karanta ba ya ci amanar aiki?"

"Na faɗa. Amma akwai ranar da ake sassauci."

"Ba ka rubuta wannan ranar a doka ba." Ta gyara zama, ta jawo kofin shayinta. "Bismillah. Layi na ɗaya: 'Manaja ya kira taro don a tsayar da ranar da za a yi taro.'"

"Injiniya, don girman Allah."

"Ai ban zo kaina ba tukuna. Yauwa, ga ni: 'Injiniya ta sake kawo sabon kayan aiki. In aka ba ta tsintsiya, sai ta nemi wadda ta fito bana.'" Ta ɗaga kai. "Yaya Shiru! Ashe duk madallar nan da kake yi mana, fassararta tana nan a ajiye?"

"Ke kika kawo wannan Kwashe-Dukan naki cikin jakata."

"Kai ka ajiye sirri a bakin ƙofa, ka dogara da cewa mai gadi makaho ne."

Ya koma teburinsa ya zauna, yana jin dariyarta tana tashi jefi-jefi. Can sai ta yi tsit. Wannan ya fi dariyar tayar masa da hankali. Bayan rabin sa'a amsa ta iso kwamfutarsa: an ƙi amincewa da gogewa. Amsar kuma, bisa tsarin ma'ajiya, ga kowa take zuwa.

Da azahar Manaja ya kira taro, riƙe da takardu shafi tara.

"Malam Shiru," ya ce, "shekara uku muna neman dalilin da ya sa jadawali yake raba malami gida biyu. Ga shi a layi na ɗari biyu da shida, dalla-dalla, har da maganinsa. Me ya hana ka faɗa?"

"Yallaɓai, ka karanta farkon layin?"

"Na karanta. 'Wanda ya rubuta wannan sashe da ƙafa ya rubuta shi.' Ni na rubuta shi." Manaja ya juya shafi. "Injiniya ta ce rabin abin da ke nan bayanin aiki ne da babu shi a ko'ina. Kowane zagi da darasi a gindinsa. Saboda haka fayil zai zauna, kuma duk sabon ma'aikaci sai ya karanta shi."

"A cire sunaye, Yallaɓai," in ji Malam Shiru.

"Ba a kankare tarihi," in ji Injiniya, tana kallon silin.

Mai zanen shafukan manhajar, wanda ke zaune kusa da ƙofa, ya ɗaga hannu fuska a murtuke. Shekara huɗu yana ofishin, in ji shi, ya bi layukan nan kaf bai ga sunansa ba ko sau ɗaya. Yana so ya san ko shi ba ma'aikaci ba ne. Aka shiga ba shi haƙuri. Daga nan aka koma gardamar wa ya fi yawan layi, Manaja ya ba da shawarar a sa ranar da za a zauna a tantance.

Malam Shiru ya duba agogo. Sunan da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tattali ya riga ya tafi, kuma ya lura da wani abin mamaki: ba wanda ya tashi daga kusa da shi. Ya gyara zaman tabarau. Kowa ya jira madalla.

"Yallaɓai," ya ce, "taron nan ya yi tsawo."

Aka yi shiru, wanda a karon farko ba nasa ba ne. Manaja ya tattara takardunsa ya ce an tashi.

Amma hali ba ya tafiya rana ɗaya. Da yamma ya buɗe sabon fayil. Wannan karon ya yi ilimi: akwai wani jeri da ake rubuta sunayen fayilolin da ba a so Akawu ko Kwashe-Duka su taɓa, kuma dukansu biyu suna girmama shi. Ya rubuta sunan a ciki, ya tura, ya jingina da kujera.

Kwamfutar Injiniya ta yi ƙara. Jerin ma a ma'ajiya yake zaune.

"Yaya," ta ce, ba ta ko juyo ba, "mene ne kuma 'kada-kowa-ya-karanta-na-biyu'?"

"A sa ni a wannan," in ji mai zane.