Reshen da Ke Kan Ɗakin Iya

"Ja baya, Attahiru! Kak ka tsaya ƙarƙashi nai!"

Malam Sahabi ne ya daka tsawar, har ta danne ƙugin injin. Attahiru ya matsa gefe, igiyar da aka ɗaure reshen da ita tana cin tafin hannunsa.

Iskar farkon damina ce ta tsage reshen darbejiyar, ya rataya a kan ɗakin Iya, mahaifiyar Attahiru, kusa da wayar lantarki. Da safe Attahiru ya ɗauki gatari zai hau, maƙwabcinsa Malam Sahabi ya hango shi ta katanga. Shekara talatin Malam Sahabi yana aikin gandun daji a Gusau, kwana huɗu kuma da sallamo shi daga asibiti. Shi ya je ya sa aka kashe wutar layin, ya sa aka mayar da Iya zaure, sannan ya shigo da zarto mai inji a kan doguwar sanda, irin wanda unguwar ba ta taɓa gani ba.

"Malam, likita fa ya ce ka huta," in ji matarsa Wasila daga bakin ƙofa.

"Ina gamawa zan huta."

Ya rage ƙananan rassa tukuna. Ya ɗan yanki babban reshen ta ƙasa, sannan ya dawo ta sama. Garin itace yana zuba a hularsa. Yankan ya kai rabi, sai Attahiru ya ga sandar tana rawa. Fuskar dattijon ta sake, gumi ya jiƙe rigarsa sharkaf.

"Baba Sahabi, don Allah a bari haka nan!"

"Ba a barin reshe rabin yanka," ya faɗa da ƙyar. "Shi ka kashin mutum. Riƙe igiya."

Attahiru ya dage ƙafa. Reshen ya yi ƙara, ya karkato kamar zai hau rufin, sannan ya bi igiyar ya faɗi tim a tsakar gida, taku biyu daga bango. Mata suka ɗauki hamdala.

Malam Sahabi ya kashe injin, ya kwantar da sandar a hankali. Ya zauna ya jingina da katanga.

"Wasila, ba ni ruwa."

Attahiru ya tsuguna yana yi masa godiya, sai ya ji kalmar shahada ce ke fita daga bakin dattijon. Kafin Wasila ta dawo daga randa, kansa ya sauka a kafaɗar Attahiru.

An kai shi bayan azahar. Da Attahiru ya dawo daga maƙabarta, ya tarar ba wanda ya taɓa komai. Rana ta sauka a tsakar gidan, inda a da inuwa ce, kaji suna tonon garin itace.