Gindin da Aka Datse

Shekara bakwai ke nan da Abdulmalik na Illela ya sayo ginshiƙai daga Konni, waɗanda aka jiƙa da maganin gara. Da suka yi wa rumfar tumakinsa tsawo, sai ya datse su, ya binne gefen da ya yanke.

Iskar farkon damina ta kayar da rumfar a kan tunkiyar da marigayiya matarsa ta bari.

Wansa Maccido ya tono gindin ginshiƙi ɗaya, ya murje shi kamar gari.

"Mi ya ci shi, Yaya? Samansa ko tabo babu."

"Maganin a fata ya tsaya. Kai da zartonka ka buɗe wa gara ƙofa."

Abdulmalik ya dubi tunkiyar. Ta mutu tun kafin a kawo wuƙa.