Sunan Ɗan Fari

Mafarkin nan jiya na yi shi, kuma ba da dare ba, da rana tsaka, bayan na gama wankin da ya tsinka mini baya na ɗan kishingiɗa a tabarma. Ni ba mai yawan mafarki ba ce, gajiya ba ta bari. Wannan kam ya zo, ya kuma ƙi tafiya.

Kafin in faɗa, ku sani ina da ɗan fari, shekararsa goma sha biyar, kuma tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba. Haka muka tashi muka tarar. Uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kunya ce. In ina nemansa sai in ce "kai", ko "wannan", ko in aiki ƙanwarsa. Da aka yaye shi Inna, mahaifiyata, ta ɗauke shi, sai bara da ta rasu ya dawo gabana. Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa.

To, sai ga ni a wani gari, tsaye a layi, ɗauke da ƙwarya. Matan da ke gabana duk haka, kowace da tata. A garin nan a ka ake ɗaukar ciki. Na sauke tawa na leƙa, na ga wani abu kamar ƙwayar riɗi yana numfashi a hankali. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tasowa ya nufi sama, ƙafafuna sharkaf, ɗankwalina a bushe. Ban yi mamaki ba. Abin da na ce a raina kawai shi ne, ni Tasalla, nan ma layi?

Akuya ce a teburin da ke gaban layin, tsohuwa, da tabarau, tana tauna gefen takardar da take rubutu a kai.

"Sunan yaro," in ji ta.

"Ai ba a haife shi ba tukuna."

"A nan suna ake fara kawowa, yaro ya biyo baya. Ki kira shi ya zama naki."

"Baiwar Allah, na fari ne fa."

Ta sauke tabarau ta dube ni sama da ƙasa. "Wannan ku ta shafa. Ki dai sani, daga nan ofis-ofis zai bi har Ƙofar Balaga. Yaron da ya wuce ƙofar nan uwarsa ba ta kira shi ba, kunnen da yake jin ta da shi toshewa yake yi, ba ya sake buɗewa. Ta gaba!"

Na ɗauki ƙwaryata. Kafin in kai bakin titi riɗin ya zama wake, waken ya zama lemo, ya yi 'yan yatsu, ya cusa ɗaya a baki. Ƙwarya ta yi nauyi, ta fara shurina a tsakar ka. Watanni tara suka wuce ni a kan keke ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen har da buga mini ƙararrawa. Na duƙa in gyara zani, ina ɗagowa na ga ƙwarya wayam.

Ga shi can yana rarrafe a jikin bango, ya doshi rufi, yawu na ɗiga sama. Ofishin haƙora ne wurin. Ƙadangare ne ke rabo, yana ɗebowa daga gwangwani yana gyaɗa kai.

"Biyu na ƙasa yau, na sama sai an kwana biyu," in ji shi. "Ƙaiƙayin dadashi da kukan dare kyauta ne. Uwar yaro ta kira shi ya sauko ya buɗe baki."

Na duba hagu, na duba dama. Mutane cike. Na ce, "Kai, wannan, sauko."

Jarirai arba'in suka sauko daga bango suka buɗe mini baki. Nawa ne kaɗai bai waiwayo ba. Ƙadangaren ya hau da kansa ya dasa masa, ya sauko yana tsaki.

Sai kuma ga mu a wani tsakar gida. Ya miƙe tsaye, yana rawar ƙafa, ana yi masa ta-ta-ta. Kowane taku ɗaya wata guda ne. Ya nufo ni hannu a sama. Wallahi na so in tare shi, amma hannayena suna cikin zani, na neme su na rasa. Sai wata murya a bayana ta kira sunansa, a sake, kamar mai neman a miƙo mata ludayi. Ya ratsa ta gefena ya faɗa jikinta. Inna ce, zaune a turmi tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, ba kin rasu ba?"

"Na rasu mana. To wa zai kira shi?"

"Ke fa kika hana ni."

"Ni ma hana ni aka yi." Ta hure ɓawon gyaɗa, ya tashi sama ya bi ruwa. "Ke ba ta fari ba ce? Kin taɓa jin sunanki a bakina?"

Na tsaya na yi ta laluben shekaruna. Ban taɓa ji ba, ko sau ɗaya. Na so in zauna a nan in yi kuka, amma babu lokaci, yaron ya riga ya fice.

Daga nan tafiya kawai na yi ta yi. Ƙafata ta kumbura, takalmina ɗaya ya gaji ya koma gida. Duk ofishin da na isa, sai a ce yanzun nan ya bar nan. Ya mayar wa ƙadangare haƙoran farko ya karɓi manya, na tarar da giɓin kawai a ajiye a benci. A wani fili na hango shi cikin yara, an jera su a ruwan nan mai tashi sama, shi ke jan su suna tsawo. Ina kallo wandonsa ya gudu daga idon sawu, hannayensa suka zarce riga, kafaɗa ta buɗe, ƙuraje suka sauka a goshinsa suka yi gari. Na ɗaga hannu. Bai gan ni ba, ko ya gani bai san da shi nake ba.

A ofishin murya na cim masa. Wani bunsuru ne ke karɓar ƙananan muryoyi yana ba da manya daga cikin buhu. Da aka zo kansa kaya sun ƙare, aka ba shi rabin sabuwa, aka ce ya haɗa da guntun tsohuwar kafin a kawo.

"Yaya, riƙe mini wannan," ya ce, farkon maganar da kauri, ƙarshenta siriri. Ya miƙo mini sauran tsohuwar muryarsa a ƙunshe cikin ganye, ya wuce.

Ƙunshin da ɗumi. Na kara a kunne. Muryar yaro ce ɗan shekara biyar, tana tambaya ɗaya tana maimaitawa: "Inna, Yaya ta san sunana kuwa?"

Nan ne zuciyata ta karye. Ina son yaron nan fiye da yadda nake son raina, kuma bai sani ba, don ban taɓa barin ya sani ba.

Ƙofar Balaga ƙofa ce ita kaɗai a tsakiyar fili, babu bango hagu, babu bango dama, amma ba wanda ya kewaye ta. Samari da 'yan mata sun yi layi, kowa na tafiya kamar jikin aro ya sa. Iyaye mata na gefe suna ta kira, kowace ta kira nata ya waiwayo ya amsa, sannan ya shige. Akuyar nan mai tabarau ta riga ni zuwa, ta kusa cinye takardarta.

"Saura mutum uku," in ji ta.

Na buɗe baki. Sunan yana nan, ina jin sa, ya tokare mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Na yi tari, na doki ƙirji.

"Saura ɗaya."

Na matsa da duk ƙarfina, harafin farko ya fito, ya faɗi ƙasa.

"Guntu ba ya shiga takarda," in ji akuya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ya ɗaga ƙafa ya sa a ƙofar. Na cika ƙirjina da iska, na rufe ido, na ce yau ko duniya za ta taru ta zage ni sai na faɗa. Na buɗe baki, sai abin da ya fito ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Bokiti ne ke bugun bakin rijiya. Na buɗe ido, la'asar ta yi, wankina ya bushe a igiya. Yaron ne ke jan ruwa, ya ba ni baya, dogo, duk ƙashi. Ba kowa a gidan sai mu biyu. Kafin kunyata ta farka, na riga ta.

"Ukasha."

Ya saki igiyar guga. Ya dubi ƙofar zaure. Ya yi ɗage ya leƙa ta kan katanga, gidan maƙwabta. Ya sake duban zaure. Sai can ya juyo wajena.

"Yaya, kin ji kamar an kira ni?"

Na ce masa ban ji ba.